Ɗan Gida Ba Ya Hawa

Zuwa ga Kawu,

Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga uba, da fatan ƙafar nan ta yi sauƙi, kuma kana shan magani yadda likita ya ce, ba yadda ka ga dama ba. Mu nan lafiya lau. Mama ta ce in gaya maka ƙanwarka tana nan da ranta, ko Allah zai sa ka tuna da ita. Maigidan da yara suna gaisuwa. Aikin asibiti sai godiya, damina ta shigo, ɗakin yara ya cika da masu zazzaɓi.

Na san ba ka son waya tunda kunnen ya yi nauyi, shi ya sa na ba Direba wannan takarda, tunda motarsa tana bi ta bakin maɗaba'arku.

Maganar ƙungiya ce. Ka ce kada a ƙara kawo maka zancenta, amma ka yi haƙuri ka karanta. Bayan damina za a yi babban taro a zaɓi sabon shugaba, wakilai za su zo daga kowane reshe na yankin. Injiniya, ɗan Baba Kafinta, ya fito takara. Wasu dattawa suka ce akwai tsohuwar doka da ta hana 'ya'yan waɗanda suka kafa ƙungiya shugabancinta. Ya ce a nuna masa inda aka rubuta. An birkice ofis kaf, ba a samu ba. Baba Kafinta kuwa tsufa ya ci ƙarfinsa. Da na je tambayarsa, cewa ya yi in gaishe masa da kakata, wadda ta rasu tun ina goye.

Cikin waɗanda suka kafa ta, kai kaɗai ka rage da cikakken tunaninka. Akwai dokar ko babu? Ni da na daɗe ina riƙe da reshen mata, in aka tambaye ni sai in kama inda-inda.

'Yarka.

*

Uwata,

Tunda sunan tsohuwa kika ci, dole in gaishe ki ko ban so ba. Ina lafiya gwargwado. Ƙafa tana nan, ita da ni muna haƙuri da juna. Ki ce wa ƙanwata na ji saƙonta, kuma bakinta bai tsufa ba. Ki gaishe da surukina mai shiru-shiru, Allah ya ƙara masa haƙuri.

Aiki kuwa, ni da malamaina suka ce wata rana zan riƙe ma'aikata guda, yau ina zaune ƙarƙashin fanka mai kuka ina gyara wa masu maganin basir kuskuren rubutu a takardar talla. Injin buga takardu yana bayana yana girgiza ƙasa tun safe. Ba shi ya kashe min kunne ba, amma bai taimaka ba.

Kin tono min abin da na binne. To, tunda kin tambaya, bari ki ji tun daga tushe, don ku na yanzu kuna tsammanin ƙungiyar da ofishinta da allonta ta faɗo daga sama.

Shekarar da ruwa ya ci unguwarmu ta bayan kasuwa, ba ki san duniya ba. Kwalbatin bakin titi ya toshe, ruwa ya shiga ɗakuna har gwiwa, kowa ya ɗora katifarsa a kan katanga yana jiran hukuma. Wani mutum da ake ce wa Mai Sikeli, mai awon hatsi a ƙofar kasuwa, ya fito da shebur ya shiga ruwan nan shi kaɗai. Kunya ta sa Kafinta ya bi shi, sai Mahauci, sai Tela, sai ni, da farin wandona na ofis. Har aka gama aikin mutanen unguwa suna mana dariya suna ce mana 'Yan Kwalbati. Wannan shi ne sunanmu na gaskiya. Wannan dogon na yanzu, Majalisar Jagororin Al'umma, daga baya na ji shi.

A rumfar Kafinta muke taro, a kan ƙofofin da bai gama ferewa ba, mu tashi da garin katako a gindin riga. Da unguwar da ke maƙwabtaka da mu ta ga namu ruwan ya wuce, suka aiko mu je mu haƙa musu. Mai Sikeli ya ce ba za mu je ba. Ya ce su turo mutum biyu da jama'a ke jin maganarsu, mu koya musu yadda ake tara mutane, da yadda ake shiga ofishin hukuma a yi magana ba tare da durƙuso ba, ba kuma tare da zagi ba. Su koma su haƙa nasu, in wata unguwa ta zo, su ma su koya mata. Ba wani sirri ban da wannan. Da haka muka kama 'yan kasuwa, muka kama ƙauyukan bakin hanya. Reshen matan da kike riƙe da shi, matar Tela ce ta fara shi, a kan rigimar layin famfo.

Kin ce kun nemi doka a rubuce. Ba za ku samu ba. Na taɓa kwana uku ina tsara dokoki da hannuna, na kawo rumfa. Mai Sikeli ya juya takardun ya ce, "Ɗan Boko, abin da aka rubuta lauya ke cinye shi. Abin da aka faɗa a gaban jama'a kunya ke gadinsa." Na ce masa kunya tana tsufa ta mutu. Suka kwashe da dariya, Kafinta ya sa takarduna ƙarƙashin ƙafar teburinsa mai gurgunta. Yau ga ɗansa yana neman a nuna masa rubutu.

Dokar tana nan. Ɗan gida ba ya hawa. A gabana aka faɗe ta, da bakina na amsa. Ki gaya wa Injiniya ni na ce.

Ni dai ba ruwana da ƙungiyarku. Da Mai Sikeli ya rasu na nemi kujerar, suka ce bokona ya yi yawa, suka zaɓi Mahauci. Suka naɗa ni mai ba da shawara, aka shekara ba wanda ya nemi shawarar. Na tattara littattafaina na taho nan. Amma Direba yana ba ni labarinki ko ban tambaya ba: yadda kike tashi daga aikin asibiti ki hau mota zuwa ƙauye ki zauna da mata a ƙasa. Da ƙungiyar tana da ido, irinki take nema, ba mai hular ƙarfe da bai taɓa sanin warin kwalbati ba.

Kawunki.

*

Kawu,

Gaisuwa mai tarin yawa. Mun gode Allah da jin lafiyarka. Ƙaramin ɗana ya yi zazzaɓi amma ya miƙe, har ya koma fasa min kofuna. Mama ta ce bakinta gado ne, kai ma ka san daga inda kuka samo.

Kawu, ban san irin godiyar da zan yi maka ba. Akwai abin da ban faɗa maka ba a takardar farko, don ina tsoron bakinka. Tun bara matan reshe suke bina in fito takarar nan, ina ƙi. Ranar da takardarka ta zo, suna zaune a barandar asibiti suna jiran in tashi aiki. Na karanta musu ƙarshenta, inda ka ce irina ƙungiya take nema. Wata tsohuwa mai sayar da sabulu ta ce, "To me kike jira? Mutumin da bai taɓa yabon ko ruwan sama ba ya yabe ki." Washegari na kai sunana ofis.

Da ka ga abin da shebur ɗinku ya haifa. Ka bar mu muna unguwanni da ƙauyukan bakin hanya. Yanzu mun haye kogi, har masunta suna da reshe. Bayan ofis akwai ɗakin da muke horar da sababbin jagorori, kuma har gobe mutum biyu kowane gari ke turowa, mace da namiji, ban san daga Mai Sikeli abin ya samo asali ba sai da ka faɗa. Gadar da ta karye ta hana yara zuwa makaranta, wakilanmu ne suka yi ta sintiri har aka gyara. Yanzu jami'in hukuma in zai kawo wani aiki yankin, mu yake fara nema. Ina so in riƙe wannan abu, Kawu. Ba zan yi maka ƙarya in ce tura ni aka yi ba. Na san kowane reshe, na san inda ke ciwo.

Na gamu da Injiniya a ƙofar ofis. Ya ce, "Ranki ya daɗe, na ji kin aika birni an tono miki doka daga kabari."

Na ce, "Mai dokar yana da rai, yana gaishe ka."

Ya ce, "To ke da kika taso a gidansa fa?"

Na ce masa ni 'yar ƙanwa ce, ba 'ya ba. Mahaifina bai taɓa riƙe shebur a kwalbatin nan ba, sunan gidanmu daban. Ya yi murmushi ya shiga motarsa.

Mutanena sun ce ranar taro za su tashi da dokar, su ce kai ka tabbatar. Ka sa mana albarka.

'Yarka.

*

Uwata,

Na karɓi takardarki. Ina lafiya. Allah ya raya ƙaramin, ki bar shi ya fasa, kofi ba ya gado.

Na karanta ta a tsaye a bakin maɗaba'a, na koma ciki na zauna, har mai injin ya tambaye ni ko rasuwa aka yi. Na yaba miki, gaskiya ne, kuma ban janye ba. Amma ban ce ki fito ba. Ban san kina da niyya ba, da na ba ki dokar da cikarta. Kin tambaye ni a kan ɗan Kafinta, na ba ki abin da ya ishi ɗan Kafinta.

Ga yadda aka yi. Da ciwon Mai Sikeli ya yi tsanani, ya sa aka ɗauko shi aka kawo rumfa, aka shimfiɗa masa tabarma kusa da teburin aiki. Jama'a sun riga sun fara cewa in ta Allah ta kasance, babban ɗansa za a ba. Yaron kuwa ya cancanta, duk cikin samari ba kamarsa. Mai Sikeli ya ce, "Na ga sikeli ya zama gado, na ga rumfar kasuwa ta zama gado. Wannan abu kada ya zama gado. Ɗan gidanmu ba ya hawa."

Mahauci, da yake mai 'yan'uwa da yawa ne, ya ce, "Ɗan gida wane ne? Ɗan ƙanena fa? Surukina fa?"

Tela ya ce, "Ka tambaya har da akuyarka, kada a zo daga baya."

Aka yi dariya, har shi maras lafiyan. Da ya samu numfashi ya ce, "Duk wanda in ya mutu za a zo ƙofarka a yi maka gaisuwa, wannan ɗan gidanka ne."

Kowannenmu ya ɗora hannu a kan teburin Kafinta ya ce ya yarda. Ɗan Mai Sikeli yana tsaye a bakin rumfa yana ji. Ya yi wa ƙungiyar nan bauta har ya bar duniya, ba a taɓa kiransa da wani muƙami ba. Rassan bakin hanya da kuke alfahari da su, ƙafarsa ce ta buɗe rabinsu.

Yanzu ki amsa min. Da mahaifinki ya rasu, a ɗakin wa kika yi karatun firamare har kika shiga makarantar jinya? Wa ya koya miki riƙe alƙalami, yana dukan tebur? In kika riga ni, Allah kada ya nuna min, ƙofar wa za a cika?

Kada ki ce ina kare ƙungiya ne. Ba ta bina komai, ba na binta komai. Mutanen da suka fifita mai wuƙa a kan mai alƙalami ba su ci in ɓata wa 'yata rai saboda su ba. Amma na ga ƙungiyoyin da aka kafa tare da tamu. Ta direbobi ta koma ta gida ɗaya, ta masu shaguna 'ya'yan masu ita suna kotu har yau. Tamu kaɗai ta haye kogi, don duk wanda ya shigo ya san ba a ajiye wa ɗan kowa kujera ba. Abu ɗaya ke nan da na sa hannu a ciki a rayuwata bai ruɓe ba.

Ba zan aika wa kowa da wannan magana ba, ke kaɗai na faɗa wa. Amma ba za a ɗauki rabin doka da sunana a sari ɗan Kafinta, a ɓoye sauran rabin a aljihu ba. In suka aiko suka tambaye ni, abin da na rubuta miki shi zan faɗa.

Kawunki.

*

Uwata,

Ina gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Direba ya zo ya koma, ya sake zuwa, hannunsa wayam. Na tambaye shi ko ya ba ki takardar hannu da hannu, ya ce a gabansa kika buɗe, kika karanta, kika ce masa ya sauka lafiya. Ko ruwa ba ki ba shi ba, in ji shi, ke da kike cika shi da tsaraba.

Ƙanwata ta aiko min da baki ta wurinsa. Ta ce na hana kaina, yanzu na zo zan hana 'yarta, kuma wanda ya faɗi zaɓe ba ya son ganin wani ya ci. Ki ce mata na ji. Ba yau ta fara yi min fassara ba.

Ruwa ya ɗauke a nan, na san taronku ya matso. Ban san abin da kika yanke ba, kuma ba zan tambayi Direba ba. Ba wanda ya aiko ya tambaye ni komai. Na saba.

In fushi kike, ki yi fushinki a rubuce. Na fi iya karanta zagi da karanta shiru. Ƙafar ta kumbura kwanakin nan, ban faɗa don ki ji tausayi ba, kin ce in riƙa gaya miki ne.

Kawunki.

*

Kawu,

Ina gaishe ka. Muna lafiya. Ka ɗora ƙafar a kan matashi in ka kwanta, ka rage gishiri, kuma ka koma wurin likita, kada ka jira ta fashe. Na sa wa Direba magani a cikin kwali.

Fushi na yi, kuma ban gama ba. Na yi shekaru ina hawa bayan motar kaya zuwa ƙauyuka, na bar yara da zazzaɓi na je rabon faɗan rijiya, sai ga shi abin da ya tare ni shi ne na yi maraici a ɗakinka. Ban nuna wa kowa takardarka ba sai Mama. Na ce a raina, ba wanda zai hau mota ya je birni tambayar tsoho mai nauyin kunne. Na shiga taron nan da niyyar in yi shiru in ci zaɓena. Gara ka sani.

An yi taron a babban ɗakin makarantar sakandare, don ofis ba zai ɗauke mu ba. Kawu, ban taɓa ganin jama'armu wuri guda haka ba. Masunta, 'yan kasuwa, malaman makaranta, matan ƙauye da goyo, har tagogi mutane ne. Aka kawo Baba Kafinta a kujera aka ajiye shi a gaba, yana ta gaishe da mutanen da suka daɗe da mutuwa.

Mutanena suka tashi da dokar kamar yadda suka shirya. Injiniya ya ce shi bai raina iyaye ba, amma ƙungiya mai rassa har hayin kogi ba za ta zauna a kan maganar da aka yi a rumfar katako ba. Ya iya magana, ban hana shi ba. Ɗaki ya rabu biyu, ana ta hayaniya.

Sai wata mata daga reshen masunta ta ɗaga hannu. Ban ma san ta sosai ba, bara suka shigo. Ta ce, "Ni tambaya ce da ni. Wannan ɗan mai ƙungiya ne, waccan an ce a gidan mai ƙungiya ta tashi. Mu da ba mu da kaka a cikin masu shebur, mu zo mu riƙa tafi ne, ko akwai ranar da namu zai hau? In babu, ku faɗa mana, kuɗin jirgi yana da wuya."

Ni na horar da wakilan reshen nan. Da bakina na gaya musu cewa a nan ba a tambayar ɗan wane ne kai. Na ga ta zauna tana gyara ɗankwali, ba ta ko dube ni ba.

Na miƙe. Na ba su labarin tabarmar Mai Sikeli yadda ka ba ni, har da akuyar Mahauci, aka yi dariya. Na faɗi ma'aunin ɗan gida da ya bayar. Na ce in na mutu yau, ƙofar Kawuna za a je, saboda haka a cire sunana. Tsohuwar nan mai sabulu ta ja min zane ta ce, "Zauna, ba a aike ki ba." Ban zauna ba.

Shugaba mai barin gado ya ce duk wanda ya yarda doka tana nan ba ta mutu ba, ya ɗaga hannu. Ban iya duba ɗakin ba, ƙasa nake kallo, sai maigidan ya taɓa ni ya ce in ɗaga kai. Hannuwa ne har bayan tagogi.

Injiniya ya zo wucewa ta gabana ya ce, "Kin zubar da naki don ki zubar da nawa."

Na ce, "Mun yi kunnen doki."

Ya ce, "Ki gaishe da Kawunki. Ki ce masa ya iya harbi daga nesa." Ya ɗauki mahaifinsa suka fita. Wasu daga reshensu sun bi shi, har yau ba su dawo taro ba, ban sani ba ko za su dawo.

Aka zaɓi wani bakanike daga hayin kogi, mai gyaran injin jirgin ruwa. Da aka kira shi gaba, ya tsaya yana goge hannu a jikin riga, ya ce shi bai shirya jawabi ba, amma akwai garuruwa a bayan dutse da suka aiko suna so a koya musu, wa zai je? Ka san wadda ta ɗaga hannu, 'yarka ce.

Da na koma asibiti na shiga ɗakin ajiye magani na rufe ƙofa na yi kukana. Rabin matan reshe ba sa amsa gaisuwata, sun ce na sayar da wahalarsu saboda maganar matattu. Mace ta farko ke nan da ta kusa kujerar, Kawu. Wannan ba ka lissafa shi ba, kai da Mai Sikeli. Na gaya musu akwai mata a reshen nan da ba su haɗa jini da kowa ba, mu fara shirya ɗaya tun yanzu. Ba su amsa ba tukuna.

Mama ta ce har yanzu ba ta magana da kai, in gaya maka.

'Yarka.

*

Uwata,

Na gaishe ki, na kuma gaishe ki. Magani ya iso, ƙafa tana kan matashi, gishiri kuwa muna tattaunawa. Ki ce wa ƙanwata saƙon rashin maganarta ya iso lafiya.

Na karanta takardarki a wurin aiki, na bar tallar wani mai gyaran haƙori ta wuce da kuskure a kanun, aka buga ta haka. Tunda na zo gidan nan ba a taɓa kama ni da irin wannan ba. Mai maɗaba'a ya yi ta faɗa, ni kuwa ban ji rabinsa ba.

Maganar mace ta farko, gaskiyarki. Ba mu lissafa ba. A rumfar nan ko a mafarki ba wanda ya ga ranar da mace za ta kusa kujerar, balle a ce tawa ce. Ba zan ce miki abin bai yi tsada ba, kuma ba ni na biya ba. Ki ci gaba da fushin har ya ƙare da kansa, kada ki gaggauta saboda ni. Matan nan za su dawo. Wanda ya ƙi amsa gaisuwarki yana nan kusa ke nan, ni da na yi nawa fushin mota na hau.

Na yi ta juya zancen bakaniken nan. Na tambayi Direba ɗan wane ne, ya ce bai sani ba. Na lissafo gidajen da na sani a hayin kogi, ban gano shi ba. Ni da na san kakan kowa a ƙungiyar nan, yau tana da shugaban da ban san ubansa ba. Ki gaishe shi. Ki ce masa in zai shiga ofishin hukuma ya wanke hannu, amma kada ya canza rigar. Matar nan ta masunta kuma, ki sa mata ido. Mai iya tambaya irin wannan a gaban jama'a ba a barinta tana tafi.

In kin je bayan dutse ki rubuto min yadda garuruwan suke, da abin da ke damunsu, da irin mutanen da suka turo. Ba don ƙungiya ba, ni ba ruwana da ita. Zaman ɗaki ne ya yi yawa.

Jiya mai gidan da nake haya ya tare ni a tsakar gida. Ya ce tunda na cika masa kunne da zancen 'yata, wai wane muƙami ta samu a zaɓen. Na ce ba ta samu komai ba. Ya ce to murnar me nake yi tun safe har ina gaishe da maƙwabta? Na tsaya zan yi masa bayani, na dube shi da kyau, na ce ya je ya gyara mana famfo.

Kawunki.